Kwana Bakwai a Tsohon Adireshi

Laraba

Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aikin dam, ya fama da sauro? Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ƙafar nan ta daina kumburi, kuma wai kar ka ce mata "lafiya lau", ta san halinka tun kana goye.

Jiya na leƙa gidanka na ga Anti. Cikin ya sauko sosai, ko takalmi ba ta iya sunkuyawa ta sa. Likita ya tsayar da ranar Alhamis ta mako mai zuwa, ƙarfe goma sha biyu, za a yi mata aiki a ciro yaron. Ya ce sai an tanadi jini leda biyu, don irin nata ba ko'ina ake samu ba, kuma yana tsoron ta zubar da yawa. Ranar Litinin asibitinsu zai turo mana buƙatar. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai 'yarta ce a ma'ajiyar jini. Da baki kawai na faɗa, Kawu.

Ga dalili. Ranar Asabar ɗin nan muke tashi zuwa sabon gini. An sayo sabuwar na'ura, an ja sabon layin intanet, an ba mu sabuwar lambar adireshi. Manaja ya ce min, "Kawunki ne ya haɗa ta da, ke sai ki haɗa ta yanzu," kamar abin a jini ake gadonsa. Shafin da asibitoci ke cike buƙatar jini na kwafe shi tsaf, wannan bai dame ni ba. Sabar suna, wadda ke nuna wa kwamfutoci adireshinmu, ita ce ta tsaya min a wuya. Na buɗe fayil ɗin da ka bari, layi goma sha huɗu, lambobi zalla, ko kalma ɗaya ta bayani ba ka rubuta ba. A makaranta mako guda muka yi a kan abin nan, malamin ma daga takarda yake karanto mana.

Wata huɗu ke nan ina kan kujerarka ban taɓa fayil ɗin ba, ko kallonsa na yi sai gabana ya faɗi. Asibiti ashirin da uku ne ke buga sunanmu in suna neman jini. In na yi kuskure sunan ya ɓace, ina za su nufa? Kuma a makon Anti?

Na san can babu waya, babu komai sai motar abincin nan. Don Allah ka ba direban amsa kafin ya juyo. Ka yi min bayani kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ba zan ji haushi ba.

Autar yayarka

*

Alhamis, tsakar rana

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ƙafa ta yi sauƙi, ki ce wa Yaya wannan karon gaskiya ce. A tsaye na karanta takardarki, a tsaye kuma nake amsawa a kan bonet, don direban nan da an gama sauke buhuna ba ya jiran kowa. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri.

Injiniya guda tana tsoron layi goma sha huɗu. To saurara.

Kwamfutar asibiti ba ta san suna ba, lamba kawai ta sani. In ma'aikaciya ta buga sunanmu, sai kwamfutar ta tura ɗan aikenta, wata na'ura ce a kamfanin intanet ɗinsu, ya je ya tambayo lambar. Yakan fara daga manyan sama, su ce ba mu sani ba, je ka wurin masu rajista. Masu rajista su ce je ka wurin sabar sunansu. Ita ce tamu. Ki ɗauke ta kamar tsohon nan mai zama bakin layi, wanda duk baƙon da ya zo shi ke nuna masa gida. Aikinta ke nan, ba ta da wani.

Abin da za ki yi. Ki kwafi fayil ɗin zuwa sabuwar na'ura. Layin da sunanmu yake da harafin A a gabansa, nan za ki sa sabuwar lamba ranar tashi. Ki sanar da masu rajista inda sabar ta koma. Akwai mataimakiya a kamfanin intanet da ke kwafar fayil ɗinmu, don in tamu ta mutu a sami mai amsawa. Ita ba ta duba abin da kika canza, lambar da ke can sama kawai take dubawa, mai kama da kwanan wata. Duk sanda kika taɓa fayil ɗin ki ƙara wa lambar nan, in ba haka ba mataimakiya za ta yi ta faɗin tsohon zance. Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, ni ma na faɗi sau biyu.

Sai wa'adi, wanda aka rubuta TTL a layin farko. Ɗan aike malalaci ne. In aka faɗa masa lamba sau ɗaya, yakan riƙe ta a ka, ba zai sake tambaya ba sai wa'adin da muka ba shi ya cika. Za ki ga 604800. Daƙiƙoƙi ne, kwana bakwai cif. Ni na sa haka shekara shida da suka wuce, lokacin wuta da layi suna yawan ɗaukewa, don ko sabarmu ta kwanta asibitoci su riƙa tuna hanya. Tunda akwai sauran lokaci, ki mayar da shi 300 da zarar takardar nan ta iso, minti biyar ke nan. Tsohuwar na'ura kuma kar ki kashe ta sai komai ya zauna.

Maganar Antinki ba na iya rubuta ta. Shekara goma sha ɗaya muna jira, ga shi ranar ta zo ina cikin duwatsu, sun ce hutuna sai ƙarshen wata. Tsoro nake ji, Auta, na faɗa miki ke kaɗai. Jinin nan na bar shi a hannunki.

Direba ya fara hon.

Kawunki

*

Litinin da yamma

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Anti ta ce ka daina aiko mata da saƙon "ki riƙa tafiya a hankali", wai da gudu ka taɓa ganin ta yi?

Albishirinka. Mun tashi, kuma sunan bai ɓace ba. Takardarka ta iso ranar Juma'a da safe, na bi ta layi-layi da biro a hannu. Da yamma na mayar da wa'adi 300, na ƙara lambar sama, na duba mataimakiya ta ɗauka. Shekaranjiya Asabar muna shiga sabon gini na sa sabuwar lamba, na zauna ina kallon agogo. Minti biyar na cika na buga sunanmu, sai ga shafin ya buɗe daga sabuwar na'ura. Na gwada a kwamfutar Babbar Sista, na gwada a wayata, duk ya yi. Sai da na shiga bayan gida na yi hawayen murna, kar a gan ni.

Tsohuwar na'ura na bar ta a kunne yadda ka ce. Tana nan ƙarƙashin tebur a tsohon ofis, na cire allon na taho da shi, an kulle ƙofa. Layin can sai ƙarshen wata za a yanke. Wayar tebur ma can muka baro ta, don an ba mu sabuwar lamba, na sa ta a saman sabon shafi da manyan baƙi kowa ya gani.

Sabon wurin sai ka gani. Firiji shida a jere, ɗakina har da taga. Aiki ma ya yi mana sauƙi, kamar asibitocin sun san muna jigila. Inda muka saba ganin buƙata goma sha biyar a rana, jiya tara ce, yau goma. Manaja ya ce Allah ne ya dube mu. Ta asibitin su Anti ba ta shigo ba tukuna, amma ka san su da jan ƙafa, na ce in ba su zuwa Laraba kafin in yi magana, kar a ce don tawa ce nake azarɓaɓi.

Abin dariya, Baba mai gadin tsohon gini ya tare ni a hanya yau yana mita. Wai wayar da muka bari ta hana shi sallar la'asar jiya, tana ta ƙara cikin ɗaki a kulle, ta yi shiru ta sake. Na ce masa masu talla ne, su gaji su bari.

Na gode, Kawu. Yau zan yi barci da minshari.

Autarka

*

Talata

Auta,

Ki ajiye duk abin da ke hannunki ki tafi tsohon gini yanzu. Sauran takardar ki karanta a hanya.

Ina lafiya. Na karanta taki sau uku. Na ɗauko ta farko na sake dubawa, sai na ga kin rubuta "Asabar ɗin nan". Ni a tsaye na karanta, idona yana kan maganar Antinki ta mako mai zuwa, sai na haɗa su, na ɗauka tashin ma sai mako mai zuwa. Shi ya sa na ce akwai sauran lokaci. Babu, Auta, tun ranar babu.

Rage wa'adi ba ya aiki a kan wanda ya riga ya tambaya. Duk ɗan aiken da ya zo kafin yammacin Juma'a an ba shi tsohuwar lamba, an ce ya riƙe ta kwana bakwai, kuma zai riƙe. Bai san kin rubuta 300 ba, don ba zai dawo ya gani ba. Gwajin da kika yi a sabon layi kika yi, ɗan aikensa bai taɓa jin sunanmu ba, dole ya faɗa miki sabo. Wasu asibitocin wa'adinsu ya cika sun same ku. Sauran har yanzu tsohon gida suke zuwa.

Da ma tsohuwar na'ura a kashe take, da sun ga shafi bai buɗe ba sun tashi neman ku. Amma na ce ki bar ta a kunne, ban ce ki sa mata ido ba, na ɗauka wannan ba sai an faɗa ba. Tana nan tana karɓar buƙata, tana rubuta musu "An karɓa, jini na tafe", kuma babu mai gani. In sun gaji da jira su kira lambar da ke tsohon shafi. Wayar da ta dami Baba mai gadi ke nan. Aikinku bai ragu ba, yana can cikin ɗakin da kika kulle.

Ta asibitin su Antinki na tabbata tana ciki.

Laraba

Motar ba ta tafi ba. Tun jiya da rana ake ruwa, kogi ya hau kan gada. Na je ofis neman wayar nan tilo da ke kama layi daga nan, aka ce tana jakar babban injiniya, shi kuma yana tsallaken kogi. Na hau dutsen bayan sansani da wayata, na ɗaga ta sama kamar mahaukaci, ko ɗigo babu. Ban iya cin komai ba. Ina ganin likita yana duba takarda ya ga "An karɓa", ya ce a shigo da ita.

Na sami wani masunci da ya ce in ruwan ya ɗan ja baya gobe da sassafe zai tsallaka da kwalekwale, ƙanensa na da babur a can ƙetare. Na naɗe takardar cikin leda biyu. Na so in bi shi, ya dubi ƙafata ya ce ba zai ɗauki mutumin da ba zai iya iyo ba. In ta same ki bayan sha biyun gobe, ban san abin da zan ce miki ba.

Kawunki

*

Juma'a

Kawu,

Anti tana raye, 'yarka tana raye. Mace ce, ta biyo goshinka, Mama ta ce abin tausayi. Na fara da wannan don ka samu ka zauna.

Na ce zan yi wa asibitinsu magana ranar Laraba, ban yi ba. Firiji ɗaya ya lalace, muka wuni muna kwashe jini, abin ya fita kaina. Jiya ƙarfe goma saura wani mutum ya shigo ofis, wandonsa taɓo har gwiwa, yana tambayar "yarinyar kwamfuta". Ya miƙo min takardarka, layin farko kawai na karanta na sha jinin jikina. Na suri kwamfutata na fita a guje, ko mayafi a hanya na gyara shi.

Makullin yana wurin Manaja, Manaja yana taro. Baba mai gadi ya dubi fuskata, ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon. Ɗakin wayam, sai shatin firiji a ƙasa da ƙura, ga na'urar ƙarƙashin tebur tana ta hurawa abinta da 'yar koriyar fitila. Na durƙusa na jona. Buƙata goma sha tara, Kawu. Ta Anti tun ranar Litinin ƙarfe sha ɗaya na safe take zaune.

Na kira Babbar Sista ina in'ina, ta daka min tsawa ta ce in faɗi irin jinin da sunan asibiti kawai. Leda uku ce ta rage mana ta irinsa. Direbanmu ya isa da biyu sha biyu saura kwata, an riga an sa mata rigar aiki, ma'aikaciyarsu tana bakin ƙofa tana leƙen hanya. Ta zubar kamar yadda likita ya ji tsoro. Duka biyun aka ƙara mata.

Ni ban je ba. Na zauna a ƙasa cikin ƙurar nan na bi sauran sha takwas ɗaya bayan ɗaya da wayata. Na sha zagi, kuma na cancanta. Wasu sun gaji sun turo mutum har ya gano sabon gini. Wasu sun ɗage aiki. Wasu dangin mara lafiya ne suka ba da nasu. Duk wanda ya zage ni sai in ji sanyi, don mai zagi mara lafiyarsa na nan.

Saura ɗaya. Wani ƙaramin asibiti ne can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Ranar Lahadi suka turo, mace ce, gado na huɗu, sun sa alamar gaggawa. Sau uku suka turo, biyu da minti goma, uku saura, sai ƙarfe huɗu. Duk sau ukun na'urar ta ce musu an karɓa, jini na tafe. Lokacin ne wayar ta dami Baba mai gadi, ni kuma na ce masa masu talla ne.

Na kira. Wata ta ɗauka, na faɗi ko ni wace ce, na ce game da gado na huɗu ne, ko in turo yanzu. Sai ta ce, "Ba ma buƙata yanzu." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Na ce to, na gode, na kashe.

Ban tambaya ba, Kawu. Wataƙila sun samu a wani wuri, wataƙila sun tura ta babban asibiti. Tun jiya nake faɗa wa kaina haka, kuma ban yarda ba.

Na sa tsohuwar na'ura tana tura duk wanda ya zo zuwa sabuwar, abin da bai ci minti goma ba. Duk da haka ina nan kusa da ita har wa'adin ya cika da yammacin yau. Manaja na faɗa masa komai, ya ce mu yi magana ranar Litinin, ban ma damu da abin da zai yanke ba. Anti tana ta tambayar me ya hana ni zuwa ganin jaririya. Na kasa shiga ɗakin da ake dariya.

Lambar asibitin tana rubuce a bayan takardarka. Na danna ta ya fi sau goma ina gogewa. Ka faɗa min, in kira ko in bari?

Auta

*

Asabar

Auta,

Alhamdulillahi. Na karanta layinki na farko na zauna a ƙasa gaban ma'aikata, ban ji kunya ba.

Kar ki kira. Irin wannan ba a waya ake tambayarsa ba, kuma ba ke kaɗai za ki ji amsar ba. Ni na rubuta kwana bakwai, ni na karanta takardarki a tsaye, ni na ce ki bar ta a kunne. Haka zan faɗa wa Manaja, haka zan faɗa a can in an tambaye ni.

Gada ta buɗe, sun ba ni kwana uku. Takardar nan za ta riga ni da kwana ɗaya, ni sai motar siminti ta gobe. Ki jira ni a tasha ranar Litinin da safe. Ki ce wa Antinki ta yi haƙuri, zan zo in ɗauki 'yata da rana. Da safe ni da ke za mu je mu tambayi gado na huɗu.

Kawunki